Yadda Ake Yi wa Tayar Keke Faci Mai Ƙarko

Tambayar da masu keke suka fi turowa ita ce ta faci, kuma kusan kalamansu ɗaya ne: "Na liƙe hujin, na buga iska, washegari na tarar taya ta sace. Ina matsalar take?" Wasu kuma tasu ta fi haka, domin tayar ce kanta ta yage har ana hango tub ta ciki. Wannan jagora ta shafi duka biyun. Aikin ba shi da wuya, wanda hannunsa ya saba yakan gama cikin minti 20 zuwa 30. Sai dai akwai wurare uku da gaggawa ke lalata shi: neman abin da ya huda tub, goge wurin da za a liƙe, da jiran sholisho ya bushe. A kansu zan fi daɗewa.

Kayan aiki

- Robar faci ta kamfani, ƙanana da manya
- Sholisho, wato gam ɗin roba da ake sayarwa tare da facin
- Samfefa, ɗan guntu ya isa
- Liba biyu ko uku ta cire taya, ta roba ta fi
- Famfo wanda bakinsa ya dace da bawul ɗinka
- Sifana, galibi mai lamba 15, idan noti ne ke riƙe da ƙafar keken
- Bokiti ko roba da ruwa, alli ko biro, da tsumma mai tsabta

Game da kuɗi, lissafin a fili yake. Kwalin faci ɗaya yana ɗauke da faci da yawa, saboda haka kowane gyara yana tashi ƙasa sosai da kuɗin sabon tub, sabuwar taya kuma ta fi su duka tsada. Abin da zai ɗan ci maka kuɗi shi ne famfo, shi kuma sau ɗaya ake saye a shekara da shekaru. Kada ka yi rowa a kan sholisho. Idan ka buɗe ka ga ya yi kauri yana jan zare, ya mutu, ka sayi sabo.

Gargaɗi: gam mai kama hannu nan take, irin wanda ake liƙe fasasshen kofi da shi, ba na faci ba ne. Yana bushewa ya yi tauri, tub kuwa miƙewa yake yi idan ya sha iska, nan da nan facin zai ɓalle.

1. Fara da bawul

Kafin ka kwance komai, buga iska ka shafa ruwan sabulu ko ɗan yawu a bakin bawul. Idan ya yi kumfa, iskar ta nan take zurarewa, tub ɗinka lafiya lau yake. Bawul iri uku ne. Akwai Schrader, mai kauri irin na mota, wanda ke da ɗan tsinke a tsakiya da ake iya ɗaurewa ko a sauya. Akwai Presta, siriri mai ɗan noti a kai, wanda sau da yawa mantawa ake yi ba a murɗa notin ba bayan buga iska. Sai Dunlop, wanda ake yawan gani a kekuna masu tsohon yayi. Tsohon samfurinsa yana da 'yar siririyar roba a ciki, idan ta tsufa ta tsage sai iska ta riƙa fita. Sauya wannan 'yar roba aikin minti biyu ne.

2. Cire ƙafar keken

Kifar da keken ya tsaya a kan sirdi da kan keken, ka shimfiɗa tsumma kada su goge. Saki birki domin taya ta samu hanyar fita. Idan ƙafar baya ce kuma keken mai giya ne, ka mayar da cen kan ƙaramin haƙori mafi waje, hakan zai sauƙaƙa cirewa da mayarwa. Kwance noti biyu ko ka buɗe 'yar libar da ke riƙe ƙafar, ka zare ta. Ka jera washa da noti yadda suka fito, ko ka ɗauki hoto da waya kafin ka taɓa su.

Ba dole ba ne a cire ƙafar. Idan ka riga ka ga ƙusa ko ƙayar da ta shiga, ko keken yana da murfin cen da birkin ƙarfe masu wuyar kwancewa, kana iya buɗe gefe ɗaya na tayar ka jawo ɓangaren tub ɗin da ya huje, ƙafar tana nan a jikin keken.

Gargaɗi: idan birkinka na faifai ne mai aiki da mai, kada ka matsa hannun birki alhali ƙafa ba ta ciki. Takalman birkin za su haɗe, faifan ya ƙi shiga.

3. Fitar da tub

Sace sauran iskar gaba ɗaya, ka kwance ɗan notin da ke gindin bawul idan akwai. Sannan ka bi tayar ka matse ta da hannu ko'ina, ka tura leɓenta zuwa kwarin da ke tsakiyar rim. Mutane da yawa suna tsallake wannan, su zo suna kokawa da liba har ta karye. Tsakiyar rim ta fi gefensa zurfi, idan leɓen taya ya faɗa can sai ya saki, ɗaya gefen ya samu sarari.

Zura liba ta farko ƙarƙashin leɓen tayar a wurin da ke nesa da bawul, ka danna ta ƙasa ka maƙale ta a wayar ƙafa. Sa ta biyu kamar tazarar tafin hannu daga ta farko, ka danna, sannan ka ja ta zagaye. Gefe ɗaya kawai kake buƙatar buɗewa. Jawo tub ɗin a hankali, bawul ya zama na ƙarshen fita.

Kafin ka ajiye tub, yi alama da alli a jikin taya daidai inda bawul yake, kuma ka tuna wane gefen tub ne ke kallonka. Za ka ga amfanin wannan a mataki na 5.

Gargaɗi: kada ka yi amfani da sukudireba ko wuƙa a madadin liba. Bakinsu yana cizon tub, ka zo gyaran huji ɗaya ka tashi da uku, rim ma ya samu tabo. Idan babu liba, mariƙin cokali mai santsi ya fi.

4. Nemo hujin

Buga wa tub iska har ya kai kusan ninki biyu na kaurinsa. Babban huji za ka ji ƙararsa. Ƙarami kuwa, ka riƙa juya tub ɗin kusa da leɓenka ko kumatunka, fatar wurin tana jin iskar da kunne ba ya ji. Idan bai bayyana ba, nutsa shi cikin ruwa kaɗan-kaɗan, kana ɗan jan robar domin hujin ya buɗe. Jerin kumfa da ke tasowa daga wuri ɗaya ba ya yankewa, shi ne hujin. Kumfar da ta maƙale a jikin roba ba ta motsi ba komai ba ce, shafe ta ka gani ko za ta dawo.

Da ka samu, kada ka tsaya. Ka ƙarasa zagaye tub ɗin duka, domin ƙusa ɗaya tana iya shiga ta sama ta fita ta ƙasa. Tsane shi da tsumma, ka zana babban kuros da alli ko biro, hujin yana tsakiya, layukan su zarce girman facin da za ka sa. Idan ka yi ɗan da'ira ƙarama, samfefa za ta share ta ka rasa wurin.

5. Gano abin da ya huda shi

Nan ne mafi yawan faci ke mutuwa tun kafin a liƙa su. An gyara tub, an mayar, ƙayar tana nan a cikin taya tana jira. Siffar hujin da wurin da yake suna faɗa maka abin da ya faru, ka duba da kyau.

Ɗan huji guda a bayan tub, wato gefen da ke fuskantar hanya: ƙaya ce, ko ƙusa, ko ɓarɓashin kwalba, ko siririyar waya. Ɗora tub ɗin a kan tayar, bawul a kan alamar da ka yi, hujin zai nuna maka inda za ka nema. Duba waje, sannan ka lanƙwasa tayar ka duba ciki. Ɓarɓashin kwalba yakan lume cikin roba ba a ganinsa sai an matse wurin ya buɗe baki. Ka tono shi da tsinke ko allura daga waje.

Tsaga biyu a jere kusa da juna, a gefen tub: ba abin da ya soke shi. Iska ce ta yi ƙaranci, aka daki rami ko dutse, rim ya datse tub. Maganinsa bayan faci shi ne yawan duba iska.

Huji a cikin tub, gefen da ke kwance kan rim: laifin rim ne. Akwai ɗamarar roba ko ƙyalle da ke zagaye cikin rim tana rufe kawunan wayoyi. Ko dai ta goce, ko ta tsage, ko wata waya ta yi tsawo ta ɓullo. Gyara ɗamarar ko ka sauya ta, wayar da ta ɓullo kuma a goge kanta da zarto.

Doguwar yaga mai baki kaca-kaca, wadda ta zo da ƙara: tub ne ya leƙo waje ya fashe, ko ta ƙarƙashin leɓen taya ko ta wata yanka a jikinta. Wannan tub ya gama aiki, kuma dole a binciki tayar.

Yaga a gindin bawul: ba ta facuwa. Sai sabon tub.

Ko da ka ciro abin da ya soke, ka zagaye cikin tayar duka sau ɗaya.

Gargaɗi: kada ka zura yatsa tsirara ka ja da sauri. Fara bi da tsumma ko auduga, za ta maƙale a duk abin da ke da tsini, yatsanka kuma ya tsira daga kwalba.

6. Goge wurin

Sace iskar duka, tub ya bushe sarai. Shimfiɗa shi a kan wani abu mai tauri, ka goge kewayen hujin da samfefa, faɗin ya ɗara facin da kamar santimita ɗaya ta kowane gefe. Dalilin gugar shi ne fatar tub tana ɗauke da wani santsi da ya taho da shi daga masana'anta, ga hoda, ga datti, sholisho ba ya kama ko ɗaya daga cikinsu. Abin da kake nema shi ne ƙyallin robar ya tafi, wurin ya koma baƙi dishi-dishi. Idan akwai layin haɗi da ya ɗan taso kusa da hujin, ka goge shi har ya kwanta. In ba haka ba iska za ta bi gefensa ta fita ta ƙarƙashin facin, irin wannan ne ake kwana lafiya a wayi gari taya ta sace.

Kakkaɓe garin da tsumma busasshe. Daga nan kada yatsanka ya sake taɓa wurin, maiƙon hannu kaɗai ya isa ya hana shi kamawa.

Gargaɗi: guga ce ba ƙanƙara ba. Idan ka matsa da yawa robar za ta yi siriri ta kumbura a wurin.

7. Shafa sholisho, ka jira

Ɗiga kaɗan, ka baza shi siriri ya rufe duk inda ka goge. Yawan sholisho ba ya ƙara ƙarfi, ragewa yake yi, domin samansa zai bushe ƙasansa yana ɗanye.

Sai jira, minti 3 zuwa 5, fiye da haka idan akwai sanyi ko laima. Na san hankali yana cewa a liƙa tun gam yana da danshi, haka aka saba da takarda da katako. Sholisho ba haka yake ba. Ruwan da ke cikinsa aikinsa kawai ya kai robar inda ake so, sannan ya bi iska. Sai ya tafi ne abin da ya rage zai haɗu da shimfiɗar da ke ƙasan facin su zama jiki ɗaya da tub. Idan ka rufe shi yana ɗanye ka kulle ruwan a ciki, facin zai riƙa zamewa, gefensa ya ɗaga. Alamar ya yi ita ce sheƙin ya ɓace gaba ɗaya. Idan kana shakka, taɓa can gefe inda faci ba zai kai ba, bai kamata ya biyo yatsa ba. Jira ya yi yawa bai cika ɓata komai ba, gajen haƙuri ne ke ɓatawa.

Gargaɗi: wasu sukan kyasta ashana su kunna wa sholishon wuta don ya bushe da wuri. Ban yarda da wannan ba. Wuta tana ƙona abin da ya kamata ya kama, tana gasa tub, kuma sholisho abu ne mai saurin kamawa da wuta. Ka yi aikin inda iska ke kaɗawa, kada ka shaƙi warinsa, kuma ka ajiye shi inda yara ba za su kai ba.

8. Liƙa facin

Facin kamfani yana tsakanin takarda mai ƙyalli da leda shara-shara. Ɓare mai ƙyallin, wannan fuskar ce ke kwanciya kan tub, kuma kada ka taɓa ta. Riƙe ta gefen ledar, ka daidaita tsakiyar facin da tsakiyar kuros ɗinka, ka ɗora sau ɗaya. Ba a ɗagawa a gyara zama. Danna da ƙarfi daga tsakiya zuwa gefe na minti ɗaya ko biyu, ka bi shi da bayan liba ko gindin cokali, musamman bakin-bakinsa.

Ledar sama kana iya barinta, ba ta hana komai. Idan za ka cire, lanƙwasa facin ta tsage a tsakiya, ka ɓare daga tsakiya zuwa waje. Ja daga gefe yana ɗaga bakin facin. Barbaɗa hoda ko garin alli a kan ragowar sholishon da ke kewaye, kada tub ya manne da cikin taya.

Idan babu facin kamfani, ana yanka daga tsohon tub. A yanke shi da'ira, ba mai kusurwa ba, a goge shi da samfefa, a shafa sholisho a jikinsa da jikin tub, duka biyun su bushe kafin a haɗa, sannan a danne da abu mai nauyi na ɗan lokaci. Yana aiki, amma bai kai na kamfani ba, domin ba shi da waccan shimfiɗa ta ƙasa kuma bakinsa yana da kauri. Akwai kuma faci mai gam a jikinsa da ake ɓarewa a manna kawai. Yana da kyau a hanya don ya kai ka gida, ban ɗauke shi gyara na dindindin ba.

Gargaɗi: kada ka cika tub da iska a waje don gwada facin. Ba tare da taya ta tare shi ba, tub zai miƙe fiye da facin ya ja bakinsa. Iska kaɗan ta isa gwaji a ruwa.

9. Idan tayar ce ta yage

Hujin ƙaya ko ƙaramar ƙusa a jikin taya ba ya buƙatar komai. Abin dubawa shi ne yanka. Ƙarfin taya ba a robar waje yake ba, yana cikin zaren da aka saƙa a ƙarƙashinta. Juya cikin tayar ka duba. Idan zaren bai tsinke ba, ci gaba da aikinka. Idan ya tsinke har wurin yana buɗe baki, tub zai kutsa ta nan ya fashe, saboda haka sai an yi masa majingini daga ciki.

Facin tub ba zai yi wannan aikin ba, domin miƙewa yake yi. Ana son abin da ba ya miƙewa: guntun gefen tsohuwar taya da aka yanke leɓensa, ko ƙyalle mai tauri irin na tamfol, ko facin taya na musamman da ake sayarwa. Yanke shi ya zarce yankar da santimita 2 zuwa 3 ta kowane gefe, ka zagaye kusurwoyinsa. Goge cikin tayar, shafa sholisho a duka biyun, bari su bushe, ka manna ka danne. A hanya, ko leda mai kauri da aka ninka sau uku ko huɗu aka sa tsakanin tub da yankar za ta kai ka gida, iskar tub ce za ta riƙe ta. Bayan ka buga iska ka dubi wurin. Idan ya yi ƙulu, rage iskar, ka tafi a hankali.

Akwai tayar da ba a wahalar da kai a kanta: wadda yankarta ta wuce kamar santimita 2, wadda ta yage a gindin leɓe ko wayar leɓen ta fito, da wadda ta cinye har zare ya bayyana. A sauya ta. Lambar girma tana rubuce a gefenta, misali 37-622 ko 40-635. Ta farko faɗin taya ce, ta biyu girman da'irar rim daga wannan baki zuwa wancan ta tsakiya, duka a milimita, kuma ta biyun dole ta zo daidai.

Gargaɗi: tayar da aka yi wa majingini kada ta zauna a gaba. Fashewar tayar gaba cikin gudu ita ce ke kayar da mutum.

10. Mayar da tub

Sa wa tub iska kaɗan, daidai yadda zai yi siffa ya daina naɗewa. Idan ka cire tayar gaba ɗaya, duba ko akwai kibiya a gefenta da ke nuna inda take juyawa. Zura bawul a raminsa ya tsaya a miƙe, ka cusa sauran tub ɗin cikin taya ba tare da murɗewa ba. Fara mayar da leɓen taya daga wurin da ya fi nesa da bawul, hannu biyu suna tafiya hagu da dama, su haɗu a wajen bawul. Idan ƙarshen ya yi tauri, rage iskar, ka sake tura leɓen da ya riga ya shiga zuwa kwarin tsakiyar rim, sannan ka murza ragowar da tafin hannu. Da ya shiga, tura bawul ciki kaɗan ka sake shi, don kada gindinsa ya maƙale ƙarƙashin leɓe.

Gargaɗi: liba wajen mayarwa ita ce ta fi huda sabon gyara. Idan ta zama dole, zura bakinta kaɗan, ka tabbata ba ta kamo tub ba.

11. Buga iska

Kafin ka cika, bi tayar ta gefe biyu kana matsawa kana leƙawa. Kada ka ga tub ko kaɗan tsakanin leɓe da rim. Buga rabi, ka juya ƙafar ka kalli siririn layin da ke jikin taya kusa da rim, ya kamata tazararsa ta zama ɗaya ko'ina. Inda ya lume ko ya taso, sace iska ka gyara. Sannan ka cika zuwa adadin da aka rubuta a gefen tayar, da PSI ko bar, wato ma'aunan ƙarfin iska, bar ɗaya kuwa kusan PSI 14.5 ne. Kada ka wuce na sama, kada ka gaza na ƙasa. Notin gindin bawul da yatsa ake ɗaure shi, ba da filaya ba.

12. Mayar da ƙafar

Ƙarfen tsakiya ya zauna sosai a mazauninsa, taya ta tsaya a tsakiya ba ta gogar ko'ina. Ɗaure notin hagu da na dama bi da bi. A keke marar giya, cen ya samu ɗan wasa na kamar santimita ɗaya sama da ƙasa. Mayar da birkin da ka saki, ka juya ƙafar, ka matsa birki ka ga ya kama kafin ka hau. Mantawa da wannan ya fi kowane kuskure a aikin nan haɗari.

Taya marar tub

Wasu kekunan zamani ba su da tub, wani ruwa ne a cikin tayar da ke toshe ƙananan huji da kansa. Idan ta huje, juya wurin ya koma ƙasa ruwan ya taru a kai, ka jira kaɗan, ka ƙara iska. Idan ya ƙi toshewa, ana cusa wata igiyar roba mai danƙo da allurarta ta musamman, a zare allurar a bar igiyar, a yanke abin da ya yi saura a waje. Yankar da ta fi ƙarfin wannan, sai a cire bawul ɗin, a sa majingini, a zura tub kamar kowace taya. Ruwan yana bushewa bayan 'yan watanni, sai an riƙa ƙarawa.

Yaushe ake haƙura da tub

Facin da aka yi daidai yakan kai ƙarshen rayuwar tub ɗin, kuma tub ɗaya yana ɗaukar faci da dama muddin ba su hau kan juna ba. Ka sauya shi idan sabon huji ya faɗo a bakin tsohon faci, ko tsagar ta fi facinka mafi girma, ko robar ta tsufa tana nuna ƙananan tsage idan an ja ta. Tub na roba baƙi da aka saba da shi ne duk wannan bayani ya shafa. Akwai wasu marasa nauyi masu kama da leda, masu launi, waɗanda sholisho ba ya kama su, suna da nasu facin daban.

Idan bayan kwana ɗaya ka ga iska ta ragu sosai, sake fito da tub ka nutsa shi a ruwa. Kumfa daga bakin facin tana nufin guga ko jira bai isa ba: ɗumama wurin kaɗan a rana, ɓare facin idan ya yarda, ka koma mataki na 6 da faci mafi girma. Kumfa daga sabon huji kusa da na farko kuwa tana nufin abin da ya soke shi yana nan a cikin tayar, ka koma mataki na 5.